Zauren Iyaye: Yarinyar Da Ta Tafi Bishara A Cikin Littafi

 

Abin da ya jawo maganarmu ta wannan wata, wani ɗan littafi ne da muka ƙwace a aji. Muna cikin koyarwa, sai muka lura wata yarinya 'yar shekara 15 ta sunkuyar da kai, idonta yana ƙarƙashin tebur. Duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san ma'anar wannan. Muka miƙa hannu, ta ba mu jikinta yana rawa. Mun zaci irin littattafan soyayyar nan ne da muke ta fama da su kowane zango. Ashe ba su ba ne. Littafin Turanci ne, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi, ta saye shi wurin masu gwanjon littattafai a bakin kasuwa. Labarin wata budurwa ce Kirista 'yar Amurka, wadda ta bi ƙungiyar matasan ikkilisiyarsu zuwa ƙasar Meziko domin aikin bishara na ɗan lokaci.

Da aka tashi ta zo karɓa. Muka ce mata sai mun karanta tukuna. Ta ce, "Malam, don Allah kada ya ɓace a wurinka, layi ake bi." Muka tambaye ta ko mutum nawa ne a layin. Ta ce 'yan mata bakwai. To, littafin da 'yan mata bakwai suke jira a aji ɗaya ya isa malami ya hana idonsa barci a kansa. Dare biyu muka yi muna karatu, har uwargida ta fara tambaya ko jarrabawa za mu rubuta. Daga baya muka nemo waɗansu irinsa, muka karanta su ma. Abin da muka gani ne muke so mu kawo muku, gama da yawa cikin iyaye ba su da zarafin karanta Turanci mai tsawo haka, 'ya'yansu kuwa suna karantawa.

Da farko dai, waɗannan ƙagaggun labaru ne, wato marubuci ne ya tsara su daga tunaninsa, ba tarihin wani mai bishara na ainihi ba. Yawancinsu mata ne 'yan Amurka suka rubuta, domin 'yan mata masu shekara 12 zuwa 18. Wanda muka ƙwace sunansa It's My Life, na Melody Carlson, shi ne na biyu cikin jerin da ta fara a shekarar 2000. An rubuta shi kamar littafin da yarinya take rubuta asirin zuciyarta kowane dare. Sunan yarinyar Caitlin. A Meziko ta ga yara masu zama kusa da juji suna neman abinci a ciki, abin ya tsaya mata a rai, ta komo gida da niyyar ba da ranta ga aikin mishan, iyayenta kuwa ba su yi murna da wannan niyya ba. Akwai kuma jerin Christy Miller na Robin Jones Gunn, wanda ya fara fitowa a 1988. Littafi 12 ne. A na ƙarshensu, A Promise Is Forever, Christy ta tafi Ingila tare da abokanta domin horo, daga can aka raba ta da su, aka aike ta ƙasar Sifen ita kaɗai.

Mai karatu zai ce, me ya sa labarin tafiya bishara ya zama abin rubutawa ga 'yan mata a can? Dalili shi ne, abin ya zama al'ada a ikkilisiyoyinsu. Dā, wanda ya tashi aikin mishan yakan yi sallama da danginsa sallama ta gaske, ya shiga jirgin ruwa, ya yi shekaru kafin a sāke ganinsa, waɗansu ma ba a sāke ganinsu ba. Da jirgin sama ya yi sauƙi sai abin ya canja. A 1957 wani saurayi, George Verwer, wanda bai kai shekara 20 ba, ya cika mota da Bisharar Yohanna cikin harshen Sifaniyanci, shi da abokansa biyu suka tafi Meziko a lokacin hutun makaranta. Daga wannan tafiya ce ƙungiyar Operation Mobilisation ta samo asali. A 1960 Loren Cunningham ya kafa ƙungiyar da aka fi sani da YWAM, ita ma domin aiken matasa. Tun daga nan abin ya yi ta yaɗuwa, har wani masanin zaman jama'a a Jami'ar Princeton, Robert Wuthnow, ya kiyasta a shekarun 2000 cewa kimanin mutum miliyan 1.6 daga ikkilisiyoyin Amurka suke fita ƙasashen waje kowace shekara domin irin wannan gajeren aiki. Yawanci mako ɗaya ne ko biyu. Saboda haka yarinyar da take karanta labarin Caitlin a can, watakila yayarta ta riga ta je, ita ma tana tara kuɗin tata tafiyar.

In ka karanta uku ko huɗu cikinsu za ka gane hanyar da suke bi. Yarinya ta tashi daga gida da wani nauyi a zuciya: ko girman kai, ko kishin wata ƙawa, ko wani saurayi da ya hana ta sukuni. Ta isa baƙuwar ƙasa. Zafi ya dame ta, abinci ya ƙi cikinta, ba ta jin harshen mutane, aka ba ta aikin da ba shi ta zo yi ba. Ta yi kuka cikin dare. Sa'an nan wani ƙaramin abu ya faru, sau da yawa ta wurin wani yaro matalauci, idonta ya buɗe, ta durƙusa ta yi addu'a irin wadda ba ta taɓa yi ba. Ta komo gida sabuwar mutum.

Bari mu faɗi alherinsu tukuna, gama akwai shi, kuma ba kaɗan ba ne. Ba mu ga ƙazanta a cikinsu ba. Yarinyar cikin labari tana karanta Littafi Mai Tsarki, tana addu'a da kalmomin bakinta, tana kuma faɗin gaskiya a kan zunubanta na ɓoye, irin su hassada da ƙananan ƙarairayi, waɗanda mu malamai mukan tsallake mu tafi kan manyan laifofi. Yaranmu sun saba jin wa'azi daga sama. Ba safai suke jin tsararsu tana cewa ta yi fushi da Allah jiya da dare, yau kuma ta roƙi gafara ba. Wannan ne, a ganinmu, ya sa ake bin layi. Har yanzu akwai gaskiya ɗaya babba da littattafan suka riƙe: wanda aka aika, shi ma Allah yana da aiki a cikinsa. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 10. Bitrus ne aka aika gidan Karniliyas, amma kafin ya fito daga gidan nan shi kansa ya koyi abin da shekara uku na bin Ubangiji ba su gama koya masa ba, wato Allah ba ya tara. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Ba mu da ja a kan wannan.

Amma muna tsakiyar karatu sai wani abu ya fara damunmu, muka ɗan jima kafin mu gane ko mene ne. Mutanen da aka je wurinsu, ina suke? Suna nan a shafi, amma kamar itatuwan bakin hanya. Suna murmushi, suna godiya, suna rungumar baƙi ran tafiya. Ba safai ake gaya mana abin da suke tunani ba. Wa ya share ɗakin da baƙin suka kwana? Wace mace ce ta tashi da asuba ta hura wuta domin mutum 20? Faston wurin, wanda ya yi shekaru yana aiki kafin su zo, zai kuma ci gaba bayan sun tafi, me ya ji a ransa sa'ad da yara 'yan shekara 16 suka zo koya wa jama'arsa? Labari bai tsaya a kansu ba, domin ba nasu ba ne. Talaucinsu shi ne allon da aka rubuta wa baƙuwar darasinta.

Abin da ya sa wannan ya taɓa mu, mu da ku, shi ne a cikin irin wannan labari mu ne mutanen da akan je wurinsu. Kakanninmu ne suka shimfiɗa wa baƙi tabarma. Da yawa cikinmu mun tashi a ƙauyen da in mota ta tsaya yara sukan kewaye ta. Amma 'yarmu, sa'ad da take karatu, ba ta ganin kanta cikin yaran bakin juji. Ita ce Caitlin. Idon Caitlin ta ara, da shi take duban duniya. Ran da aka kai ta ƙauye kuwa, da wannan idon za ta dubi 'yan'uwan ubanta.

Ba zato muke yi ba, mun gani. Shekarun baya mun raka matasan ikkilisiyarmu ta cikin gari zuwa wani ƙauye a lokacin hutun Kirsimati, kwana huɗu. Yara ne masu himma, sun yi wata guda suna koyon waƙoƙi da wasan kwaikwayo, sun tara tsofaffin tufafi buhu biyu. Ikkilisiyar ƙauyen ba ta kai mutum 40 ba. Suka ba mu ɗakunansu, su suka kwana a rumfa. Aka yanka mana akuya. Rana ta biyu muka ga yaranmu sun tara 'yan ƙananan ƙauyen, sun zaɓi waɗanda rigunansu suka fi yagewa, suna ɗaukar hoto da su a waya. Wani yaro da uwarsa ta yi masa wanka ta sa masa rigar Lahadi, aka ce ya ɗan matsa gefe. Wata tsohuwa tana zaune a gindin bango tana kallo. Da muka je gaishe ta sai ta ce, "Malam, yaran nan naka sun iya waƙa, Allah ya yi musu albarka. Amma tun jiya ba wanda ya tambaye ni sunana." Daga baya mai bisharar wurin ya gaya mana cewa wannan tsohuwa ce ta fara ba da gaskiya a ƙauyen, dangin mijinta suka yi shekaru ba sa cin abincin hannunta, ɗakin sujadar ma a gonarta aka gina shi. Muna da mutum 18 da suka zo koyar da bangaskiya, ga bangaskiya zaune a gindin bango, ba wanda ya zauna kusa da ita. Laifin namu ne, mu da muka shirya su. Mun koya musu abin da za su faɗa, ba mu koya musu abin da za su tambaya ba. Akuyar nan kuma, sai a hanyar dawowa muka ji cewa ita kaɗai ce mai bisharar yake da ita.

Abu na biyu da ya dame mu shi ne saurin girman. A littafi, mako biyu sun isa su juya mutum gaba ɗaya, labari kuma yakan ƙare ba da daɗewa ba bayan an sauka daga jirgi, zuciya tana da zafi tukuna. Marubuci yana da iko ya ajiye alƙalami inda ya ga dama. Uba da uwa ba su da wannan iko, su ne za su zauna da yaron a wata na uku da na shida.

A kan wannan akwai wani bincike da ya kamata shugabannin matasa su sani. A 1998 wata babbar guguwa da ake kira Mitch ta rushe gidaje masu yawan gaske a ƙasar Honduras. Ikkilisiyoyin Amurka da Kanada suka yi ta aika ƙungiyoyi su taya gini. Wani malamin kwalejin Kirista mai suna Kurt Ver Beek, wanda ya daɗe yana zaune a ƙasar, ya bi sawun waɗanda suka je da waɗanda aka gina wa gidajen. Ya tarar ƙungiyar baƙi takan kashe kimanin dala 30,000 a tafiya ɗaya, yawancin kuɗin a jirgi da masauki, domin gidan da ƙungiyar Kirista ta ƙasar take ginawa da dala 2,000. Ya tarar kuma, ko da yake waɗanda suka je sun ce tafiyar ta canja rayuwarsu, da aka duba baikon da suke bayarwa bayan sun koma, ƙarin kaɗan ne ƙwarai. Mutanen Honduras sun ji daɗin zuwan baƙin, abin da ya ba su baƙin ciki shi ne bayan an tafi zumunci ya yanke. Ver Beek bai ce a daina tafiya ba. Ya kwatanta matashi da ɗanyen itace: ka tanƙwara shi mako biyu ka sake, sai ya koma yadda yake, sai dai in an ɗaure shi ya daɗe a haka. Mu ma muna da wannan magana a bakinmu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai mun manta cewa tanƙwarawar ba ta yini ɗaya ba ce. A 2009 waɗansu Kirista biyu, Steve Corbett da Brian Fikkert, suka fitar da littafi mai suna When Helping Hurts, a kan yadda taimako marar tunani yakan cuci wanda aka taimaka da wanda ya taimaka. Ikkilisiyoyi da yawa a can sun sāke duban tafiye-tafiyensu saboda shi. Littattafan da suke isowa kasuwar gwanjonmu kuwa yawancinsu an rubuta su kafin wannan gyara.

Mu kanmu mun ga wutar kara. Yaro ya dawo daga fita bishara, ran Lahadi ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida har mata suna share hawaye. Ran Talata uwarsa ta aike shi niƙa, ya ce ya gaji. Ba mu ce shaidarsa ƙarya ce ba. Abin da ya ji a can ya ji shi da gaske. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Sai maganar soyayya, wadda ba za mu daɗe a kanta ba. A littafin Christy, da ta isa Sifen ita kaɗai cikin tsoro, wa za ta tarar a can? Todd, saurayin da zuciyarta take so tun tana 'yar shekara 14. Labarin yana da daɗi, an kuma rubuta shi da kamun kai. Amma yarinya tana iya fita daga ciki da tunanin cewa ladan biyayya shi ne miji kyakkyawa yana jira a tashar jirgi. Mun san mata masu bishara da suka yi biyayya dukan ransu, ba wanda ya jira su a kowace tasha. Uwa ta gaya wa 'yarta wannan, ya fi kyau daga bakinta.

Akwai wani tsohon littafi da muke so mu sa kusa da waɗannan domin a ga bambanci. Sunansa Star of Light, ya fito a 1953. Wadda ta rubuta shi, Patricia St John, 'yar Ingila ce, ma'aikaciyar jinya, ta yi shekara 27 tana aiki a ƙasar Maroko, ta rasu a 1993. A cikinsa ma akwai baƙuwar yarinya, Jenny, 'yar gata wadda aka shagwaɓa, ta zo daga Ingila ta sadu da 'yar'uwar iyayenta mai aikin jinya, a can kuma zuciyarta ta juya. Amma ba da ita aka buɗe labari ba. An buɗe shi da Hamid, yaron ƙauye ɗan shekara 11, da ƙanwarsa Kinza wadda makauniya ce. Mijin uwarsu ya yi niyyar sayar da ita ga wani mai bara, sai uwar ta sa Hamid ya goya ta cikin dare ya haye duwatsu da ita zuwa birni, wurin ma'aikaciyar jinyar. Mai karatu yakan yi surori da yawa yana tafiya da Hamid, yana jin yunwarsa, da tsoronsa, da wayonsa, har da satarsa, kafin Jenny ta shigo. Saboda haka sa'ad da ta iso, mu mun riga mun zama 'yan gari, ita ce baƙuwa. Littafin yana da alamun zamaninsa, an kuma rubuta shi domin yara da ba su kai na Caitlin shekaru ba. Duk da haka ana jin cewa hannun da ya rubuta shi ya daɗe yana wanke miki a wurin, ya san sunayen mutane. Mako biyu ba sa ba marubuci wannan.

In kuwa ana neman labarin matashi a tafiyar bishara wanda ya fi duka faɗin gaskiya, yana cikin Littafin da yake kowane gida namu. Yohanna Markus saurayi ne ɗan Urushalima, ɗan gidan da masu bi suke taruwa yin addu'a, gida mai baranya, wato ba ɗan talakawa ba ne. Ɗan'uwan Barnaba ne kuma. Da ikkilisiyar Antakiya ta aiki Bulus da Barnaba, suka ɗauke shi ya zama mai yi musu hidima. Ya bi su tsibirin Kubrus daga wannan gefe zuwa wancan. Da suka haye teku zuwa ƙasar Bamfiliya sai ya rabu da su ya koma gida (Ayyukan Manzanni 13:13). Ba a gaya mana dalili ba. Ba shaida ran Lahadi, ba hawaye. Ya gudu ne kawai. Abin ya yi wa Bulus zafi, har da aka tashi tafiya ta biyu ya ƙi a tafi da shi, gardama ta yi tsanani tsakanin manyan bayin Allah biyu, suka rabu a kan yaron nan (15:36-40). Barnaba ya ɗauke shi suka koma Kubrus. Daga nan Littafin Ayyukan Manzanni bai ƙara ambatonsa ba. Sai bayan shekaru masu yawa, fiye da 15 bisa ga lissafin masana, muka ji tsoho Bulus yana kurkuku yana roƙon Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani a gare shi (2 Timoti 4:11).

Ina girman Markus ya faru? Ba a tafiyar farko ba, a can faɗuwa ya yi. Ya faru ne cikin shekarun nan da ba a rubuta ba, yana bin wani dattijo da ya ƙi fid da rai a kansa. Da marubuciyar zamani ce ta sami wannan labari, da wuya mai buga littafi ya karɓa, gama tsakiyarsa duka shiru ne. Amma iyaye sun san wannan shirun, a cikinsa suke zaune. Muna kuma tunawa da mutumin ƙasar Garasinawa a Markus sura 5, wanda bayan an warkar da shi ya roƙa a bar shi ya shiga jirgi ya bi Yesu. Aka hana shi, aka aike shi gida wurin mutanensa. Ga waɗansu yaranmu, aiken da ya fi wuya ke nan.

To, me za a yi da littattafan? Mu dai ba mu ga dalilin hana su ba. Yaron da yake karatu a zamanin da waya ta cinye idon kowa, a gode wa Allah. Hani ma ƙara wa layin tsawo yake yi. Abin da muke roƙo shi ne uba ko uwa su ce wa yarinyar ta ba su labarin da Hausa, da yamma bayan an ci tuwo. Ko ba ku jin Turanci, kun fi ta sanin baƙunci, kun fi ta sanin abin da saukar da baƙo yake ci. Ku tambaye ta sunan faston garin da aka je. Ku tambaye ta wa ya dafa abinci. Ku tambaye ta abin da take tsammani ya faru da yaran bakin juji bayan jirgi ya tashi. In ta ce littafi bai faɗa ba, sai ku ce ta yi tunani ta gaya muku gobe. Shugabannin matasa kuma, kafin a sāke fita, a aika wa ikkilisiyar da za a je a tambaye su abin da suke bukata da lokacin da ya yi musu, kada a faɗa musu tsakiyar girbi. A tafi da hatsi da kuɗin cefane. A koma wuri ɗaya shekara bayan shekara har a san juna, maimakon sabon ƙauye kowane hutu. Mu, bayan abin da ya faru, mun koma ƙauyen nan sau uku, mun kuma mayar da akuya, ko da yake sai da aka yi ta fama kafin mai bisharar ya karɓa.

Da muka mayar wa yarinyar littafinta, muka ba ta aiki a madadin horo. Muka ce ta rubuta labari shafi huɗu, da Hausa, a kan matasan birni da suka je bishara ƙauye, amma wadda za ta ba da labarin ita ce 'yar gidan da aka sauke su. Ta ɓata fuska ta ce, "Malam, ai ita ba abin da ya faru da ita." Muka ce ta je ta tambayi kakarta.

Bayan mako guda ta kawo shafi tara. Yarinyar cikin labarinta an tashe ta daga ɗakinta aka ba baƙi, ta yi kwana huɗu tana jan ruwa a rijiya domin wankansu, tana jin suna dariyar yadda take magana. Ta ƙi su ƙwarai. A daren ƙarshe ɗaya daga cikin baƙin ta kamu da zazzaɓi, ita ce ta zauna da ita har gari ya waye, a nan ne suka fara tambayar juna suna. Rubutun yana da kurakurai, ƙarshensa kuma ta yi gaggawa, mun gaya mata haka. Ta ce kakarta ce ta ba ta rabin labarin, wai abin ya faru da ita tun tana budurwa, sauran kuwa ita ta ƙaga.

Mun ba ta makin da ya dace, muka ce ta gyara ƙarshen ta kawo bayan hutu. Yanzu shafi taran nan suna yawo a aji daga hannu zuwa hannu, har mun riga mun ƙwace su sau ɗaya a lokacin darasin lissafi.